Wutsiyar da Ke Cikin Jakarta

Ranar da ya fara ganinta, tana tsaye bakin dogon tankin gilashi a ɗakin gwaji na jami'a, hannun rigarta a jiƙe, tana fama da wani kifin inji da ya ƙi tafiya. Shi sabon ɗalibi ne, aka ce ya yanko wa kifin wutsiyar roba. Ya yanko wata mai faɗi kamar mafici, gefe guda a karkace.

"Wannan wutsiya ce ko faifai?" ta tambaye shi tana dariya.

Tun daga ranar ta raɗa masa Mai Almakashi, shi kuma yana ce mata Tarwaɗata, wai don ta yi wuyar kamu.

Ita ce mai gwada wutsiyar kowa a tanki, kuma nan matsalar take, domin akwai Dogo, wani ɗalibi da shi ma yake yanka wa kifin wutsiya. Wutsiyar da Dogo ke yankawa siririya ce mai tauri, a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Kaɗawa kaɗan, kifi ya tsaga ruwa har ƙarshen tanki. Ta Mai Almakashi kuwa mai laushi ce, tana ture ruwa da yawa, tana juya kifi a matsattsen wuri, amma ba ta da gudu ko kaɗan. Duk lokacin da ta ce "Madalla, Dogo," sai Mai Almakashi, bawan Allah, ya wuni bai ci abinci ba. Kishi yake kamar ya mutu.

Ya tura mata saƙo: "Na ga yau ma jinjirin wata ya haska miki."

Ta amsa: "Mai Almakashina, gudun kifi nake aunawa, ba mutane ba. Ka ci abinci."

Babanta mai gyaran famfo ne, kuma ya riga ya yanke hukunci. "Ba zan ba mai wasa da kifin roba 'yata ba." Da ƙyar ta shawo kansa ya yarda zai zo sau ɗaya ya gani, bayan ta ce an ƙera kifin ne don ya riƙa shiga kwanar bututu yana neman inda ruwa ke yoyo.

Ana gobe Baba zai zo, Mai Almakashi ya hango ta riƙe da wutsiyar Dogo, suna dariya. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ɗauki almakashi ya rage tasa, ya mai da ita jinjirin wata.

Washegari aka nutsa lanƙwasasshen bututu a tanki. Kifi ya shiga a guje, ya daki kwana, ya maƙale yana ta kaɗa wutsiya a banza. Baba ya gyara hularsa ya miƙe.

Ta zaro kifin, ta dubi wutsiyar. "Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne," ya ce, kansa a ƙasa. "Na gan ki da ta Dogo jiya. Na zaci ita kika fi so."

"Tsokanarsa nake, wai tasa ba za ta iya kwana ba. Haba, kai kuwa."

Ta zuge jakarta, ta ciro wata tsohuwar roba mai faɗi, gefe guda a karkace. Ta ɗaura wa kifin. Ya tafi a hankali, ya bi kwanar sumul, ya fito ta ɗaya bakin.

Baba ya sunkuya ya leƙa bututun, ya daɗe yana jinjina kai. Sannan ya dubi 'yarsa. "Tun yaushe wannan abin ke cikin jakarki?"

"Tun ranar da ya zo, Baba," ta faɗa tana rufe fuska da mayafi.

Baba ya juya ga saurayin. "Yaro, ka turo magabatanka. Amma almakashin nan ita za ta riƙa ajiye shi."

Ranar biki Dogo ne ya tuƙa motar amarya, ango kuwa bai ɗauke ido daga madubin motar ba har aka isa. Amarya ta lura, ta matse masa hannu tana dariya ƙasa-ƙasa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma sassauta wa ango wannan kishi nasa.