An Kira Shi, Ba a Sallame Shi Ba

Ƙararrawa Durojaye ya koma ɗaukowa, ba wani abu ba. Aronta aka yi a wurin wata tsohuwa a ƙauyen, ita kuma ta kafe sai an mayar mata kafin addu'ar yamma. Da 'yan fim suka fito bakin titi suna loda kaya a mota aka duba babu ita, sai darakta Sunkanmi ya waiwayo ya dube shi.

"Baba Woli, a hannunka na gan ta ƙarshe."

"Wato ni zan taka in koma? Da wannan gwiwar tawa?"

"Ka ɗora mata hannu ka yi addu'a mana, ai sana'arka ce."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya tattare farar rigarsa ya kama hanyar gonar koko, rana ta riga ta faɗa bayan duwatsun Ondo.

Rabin rayuwar Durojaye a cikin wannan farar rigar ya yi ta. Shi ne woli a kusan duk fim ɗin da aka nemi woli, mai gani na cocin masu fararen kaya, mai kaɗa ƙararrawa yana korar iskoki. Fuskarsa ta dace, muryarsa kuma ko dutse ta yi wa tsawa sai ya motsa. A kasuwar Ibadan mata kan durƙusa su miƙo masa jarirai ya sa musu albarka. Yakan sa, ya karɓi lemon da aka ba shi, ya wuce yana dariya a ciki. Bai yarda da ko ɗaya ba. Yana yaro ya tsaya ya ga uwarsa tana naƙuda tana zubar da jini a kan tabarmar coci, ana ta kaɗa mata ƙararrawa, ga asibiti can tsallaken titi. Tun ranar ya rufe wannan babin, kuma ni dai ban ga laifinsa ba.

'Yarsa Fadeke ce ta fita daban. Ita mai ibada ce ta gaske, irin waɗanda ko ruwa za su sha sai sun rufe ido. Tun tana ƙarama yake tsokanarta a kan haka, ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce tana saka shi a addu'a. Wannan ne fim ɗinta na farko a matsayin jaruma: labarin wata yarinya da iska ya shiga, da likita mai musun irin waɗannan abubuwa, da wolin da zai ba shi kunya.

A wani tsohon ɗakin addu'a da aka daɗe da ƙaurace wa suka yi aikin ranar. Aka zaunar da Fadeke a tabarma, aka kewaye ta da kyandir, aka ɗaure hannuwanta sako-sako da farin ƙyalle. Durojaye ya tsaya a kanta yana kaɗa ƙararrawa. Sunkanmi ya sa an maimaita har muryar Durojaye ta dushe. Kalmomin kuwa ba ƙirƙira ba ne, daga bakin wani tsohon woli Sunkanmi ya kwaso su don fim ya yi armashi.

"Kai da ke ɓoye, na kira ka. Fito fili. Faɗi sunanka."

Nan darakta ya ce a yanke. Man janareta ya ƙare, wanda ke fitowa a likita kuma yana wani aikin a Ibadan sai Alhamis. Fitowar da za a kori iskan sai ranar. Ba a ma rubuta ta ba tukuna, Sunkanmi ya ce yana nan yana tunaninta. Haka aikin fim yake, a binne mutum da safe a ɗaura aurensa da yamma, ba wanda ya taɓa damuwa.

Fadeke ce kaɗai ta damu. Ta riƙo hannun rigar ubanta a hankali.

"Baami, ka rufe mana. Ba a kira a tafi a bari. Ko amin ce ka ce."

"Yunwa nake ji, 'yar nan. Amala ke kirana, ita zan amsa wa."

Ya fita ya bar ta tana kwance ƙyallen. Da bai gan ta a bakin titi ba ya ɗauka ta bi motar farko tare da mata.

Yanzu ga shi shi kaɗai a ƙarƙashin itatuwan koko. Duhun wurin ya riga na waje sauka. Busassun ganyaye na ƙara a ƙarƙashin silifansa. Tsamin 'ya'yan kokon da aka tara aka rufe da ganyen ayaba ya cika hanci. Can nesa yana jin Sunkanmi yana faɗa da direba, sai muryar ta yi ƙasa, sai ta ɓace.

Ya ɗan yi tafiya kafin ya lura gyare sun yi shiru.

Sai wani ƙamshi ya tare shi. Kakin kyandir ne mai ci. Ya tsaya. Ɗazu da idonsa ya ga an hure kyandirorin duka, an ma tattara guntayen a leda.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Haske na rawa a bango.

Fadeke na zaune a tabarmar, daidai inda aka ajiye ta da rana. Kyandirori sun kewaye ta, dogaye, kamar yanzu aka kunna. Hannuwanta a ɗaure. Ƙyallen ya nutse cikin fata har yatsun sun kumbura. Ƙararrawar na gabanta.

"Fadeke, me kike yi a nan? Tashi mu tafi, mota na jira."

Ba ta ɗago ba.

"Ke, bana son wasan banza. Babu kyamara a nan."

"Na sani," in ji ta.

Bakinta ne ya motsa, amma ba muryarta ba ce. Ba ta yi kauri ba, ba ta yi gurnani irin na fim ba. Murya ce mai sanyi, mai haƙuri, irin ta wanda ya daɗe a layi yana jira a zo kansa.

"Ka ce in fito. Na fito. Sai me?"

Durojaye ya ja da baya. Ya dafa ƙyauren. Zuciyarsa ta shiga kawo masa dalilai: gajiya ce, zazzaɓi ne, yarinya ta zurfafa cikin wasa ta kasa fitowa, ya sha ganin haka. Ya yi ta maza ya tsallake kyandir ya kama kafaɗarta zai ɗaga.

Kamar ya kama kututturen icce. Ko gezau.

Jikinta sanyi ƙalau, kuma wari na tashi daga gashinta, warin rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ci gaba," in ji muryar. "Ina sauraro. Me ke biye?"

Ya buɗe baki. Babu komai. Iyakar abin da aka ba shi ke nan, sauran yana cikin kan Sunkanmi, can bakin titi.

Ya sunkuya ya fizgi ƙararrawar. Ai ba yau ya fara korar iska ba, ya kore su a fina-finai ba iyaka. Ya gyara tsayuwa, ya kaɗa, ya ɗauko addu'ar wani tsohon fim da ta taɓa sa mata kuka a sinima. Ya ɗaga murya.

Bakin Fadeke ya ɗauka tare da shi.

Kalma da kalma. Da muryarsa. Har inda yakan ja numfashi don kyamara ta matso, nan abin ya ja. Ya sauya wata addu'ar. Abin ya riga shi farawa.

Ƙararrawar ta suɓuce ta faɗi. Ba ta yi ƙara ba.

"Waɗannan na 'yan kallo ne," in ji abin. "Ni kuma da gaske na zo."

Wutar kyandirorin ta kwanta gefe guda, duk suka nuna Durojaye. Babu iska a ɗakin.

Nan idanun yarinyar suka juyo. Na ɗan lokaci nata ne, jajaye, cike da hawaye.

"Baami," ta ce da raɗa. "Yana da nauyi. Ina ta addu'a, yana cinye ta. Ka taya ni. Ta gaske, Baami."

Sai idon ya sake mutuwa.

Durojaye ya zube a kan gwiwar nan mai ciwo. Tsoro ya ji irin wanda bai taɓa ji ba, da kunya, da tausayin 'yarsa da ya kusa tsaga masa ƙirji. Ya rufe ido. Ya laluba cikinsa yana neman inda mutane ke samo irin wannan magana. Ya tarar da wurin fayau, shi da kansa ya share shi shekara da shekaru.

"Ubangiji," ya ce. Muryar ta fito ƙarama, ba ta woli ba. "Idan kana ji. Ban san yadda ake yi ba. Yarinyar nan taka ce, ba ta taɓa barinka ba."

Shiru.

Ya ji numfashi a kan fuskarsa. Bai ji motsin tasowarta ba.

"Da wa kake magana?" aka tambaye shi a hankali. "Ni ka yarda da ni yanzu, na gani a jikinka. Shi fa?"

Durojaye ya kawar da kai.

"To bari in ba ka abin da ka tambaya. Matso da kunnenka."

Sunan. Zai faɗi sunan.

Durojaye bai san dalili ba, amma duk gashin jikinsa ya gaya masa idan sunan nan ya shiga kunnensa, daga shi har ita babu mai fita. Leɓunan suka taɓa kunnensa. Sanyi. Suka buɗe.

Ya fizge farar rigar ta kansa ya kifa mata a ka, ya naɗe, kamar mai kama kaza. Ya rungumo ƙugunta ya ja da duk abin da ya rage masa. Wani abu ya ɓalle a bayansa. Ta taso.

Ya saɓa ta a kafaɗa ya tattake kyandir ya yi waje.

Gudu. Rassa na dukan fuska. Silifa sun tafi. Ƙaya, dutse, bai ji ba. Kanta na bugun bayansa, shiru, ba motsi.

Muryar kuwa tana can cikin ɗakin a bayansa, tana magana.

Yarinyar na kafaɗarsa, muryar na ɗaki.

Sai ta bar ɗakin. Ganyaye suka fara ƙara a bayansa, ba sauri, taku ɗaya bayan ɗaya.

Ya toshe kunne ɗaya da kafaɗa, ya shiga ihu don kada ya ji. Ba addu'a ba, ihu kawai, irin na dabba. Da shi ya faɗo kan kwalta a gaban fitilun mota, tsirara daga wuya zuwa ƙugu, tafin ƙafarsa duk jini.

Da aka warware rigar, Fadeke ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji. Ba ta tuna komai ba. Sunkanmi ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa mata kai, aka saya mata magani a hanya.

Ranar Alhamis Durojaye ne ya fara isa wurin aiki, yana ɗingishi. Kwana ya yi yana haddace abin da Sunkanmi ya rubuta, ya kuma je wurin tsohon wolin nan ya durƙusa aka gyara masa. A gaban kyamara ya faɗi kalmomin korar yana kuka, kuma a karon farko a rayuwarsa yana so su zama gaskiya. Fadeke ta yi ƙara, ta sandare, ta faɗi daidai kan alamar da darakta ya zana mata da alli. Da aka ce a yanke ta tashi ta karkaɗe zanenta ta tambayi ko an samu yadda ake so. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai. An ce mutane sun tuba saboda shi.

Durojaye bai ƙara fitowa a woli ba. Ba a ƙara jin ya yi wa mai ibada dariya ba. Kullum da asuba yakan durƙusa a gefen gadonsa ya yi ta faɗin abin da ya zo bakinsa, har yau bai san ko ana ji ba.

Fadeke lafiyarta ƙalau. Tana ci, tana dariya, ana rububinta a fina-finai. Coci ne dai ba ta sake takawa ba, ba ta kuma rufe ido a kan abinci. Wasu ranaku idan yana durƙushe sai ya ji ta tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu. Takan daɗe tana kallonsa, sannan ta yi magana da muryarta ta kullum, mai daɗin nan.

"Baami, da wa kake magana?"

Ba ya juyowa. Bai sani ba ko 'yarsa ce ta gaji ta ɗauki abin da ya yi shekaru yana koya mata, ko kuwa ba ita ya ɗauko daga ɗakin nan ba.