Mai Akwati Na Tafe

Yajin aikin da aka yi a Tawa ne ya hana Habila isowa ƙaramin asibitin nan na arewacin Affala sai da damina ta faɗi. An aiko shi ya haɗa akwatin da zai riƙa kai saƙo gari ta rediyo, a turo mota in ciwo ya tsananta.

Bayan isha'i yana gaban kwamfuta, sai ya ji ƙanshin ƙasar da aka tona. Wata mata ce tsaye bakin ƙofa da goyo.

"Sannu da aiki, Malam. Mi kake yi?"

"Ina gaya wa ƙwaƙwalwar na'urar abin da ke jikinta ne, baiwar Allah. Ga hanyar waya, ga ta rediyo, kowace da lambarta. Wadda ban faɗa mata ba, ba ta san da ita ba."

"In ka gama, mota za ta zo?"

"Za ta zo."

Jaririn bai motsa ba, ƙwarin da ke kewaya fitila kuma duk sun watse.

"A ɗakin can na yi naƙuda," ta ce a hankali. "Suna ta ce mini in daure, mai akwati na tafe."

Habila ya ɗaga kai zai ba ta haƙuri, sai ya ga leɓunanta a rufe suke. Daga lasifikar rediyon muryar ke fitowa, ga kuwa wayar lasifikar a hannunsa, bai riga ya jona ba.