Wayar da Aka Murɗa a Baibai

Ranar Litinin da hantsi, saura kwana shida a fara Kofin Duniya, Injiniya Ɗalhatu ya shafa farfelar wani ƙaramin jirgin sama sai farcensa ya maƙale. Ya haska tocila. Tsaga ce siririya kamar gashi, ta taso daga gindin farfelar. Duk wanda ya tashi da jirgin nan a haka, sai dai a nemo shi a teku.

Jirgin tsoho ne mai cin mutum huɗu, ya ma girmi Ɗalhatu. Dakta Munzali, likita ɗan Kano mai son tuƙin jirgi, shi ya saye shi a farkon 2020, bayan Ɗalhatu ya yi kwana uku yana duba shi ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau. Sai korona ta sauko. Asibiti ya haɗiye Dakta, jirgi ya zauna a rumfar wani kulob na masu tuƙin jirgi a arewacin Doha, sai yanzu mai shi ya waiwaye shi.

Mudir, wato manajan kulob ɗin, ko kallon tsagar bai yi ba.

"Sa hannunka ne ko ba naka ba ne?"

"Nawa ne. Amma ba wannan farfelar na duba ba. Ga hoton lambarta a wayata."

"Hoto ba hujja ba ne. Khalas, magana ta ƙare. Alhamis zan kai rahoto."

In rahoto ya tafi, lasisin Ɗalhatu ya tafi. In lasisi ya tafi, takardar zama ta bi shi, da ita da makarantar yaransa biyu. Tsoro ya kama shi, ba kaɗan ba.

Ban da Mudir, mutum uku ke shiga rumfar: Dakta, da Surajo mai gadi, da Baba Abass, tsohon makanike ɗan Zariya wanda ya koya wa Ɗalhatu aiki, ya kuma nemo masa gurbi a Doha.

Ya fara da Dakta, a waya.

"Ɗalhatu, ni zan hau shi fa, da 'yata Ikhlas a gefena. Zan saka wa kaina tsagaggiyar farfela?"

Ɗalhatu ya kashe wayar. Ya koma kan Surajo, ya miƙa masa filaya da guntuwar wayar ƙarfe, irin wadda ake ɗaure kusoshin farfela da ita.

"Murɗa min."

Surajo ya yi ta kokawa da wayar har ta soke shi a yatsa. Abin da ya murɗa ko ƙofar akurki ba zai riƙe ba.

"Oga, ni ƙofa na sani. Wallahi ban taɓa jirgin kowa ba."

"Me ka gani lokacin korona?"

Surajo ya waiga hagu da dama. "Jirgin hayar Mudir ya daki ƙasa da farfela. Lokacin ko allura ba a shigowa da ita da wuri. Amma sati ɗaya ya koma sama."

"Ina jirgin yanzu?"

"An sayar da shi ƙasar waje, bara."

Ɗalhatu ya koma ya cire hular farfelar. A ciki ya tarar da gidan zanzaro, busasshe. Rumfa a rufe take, ana mata feshi kullum tun zuwan korona. Zanzaro ba ya gini a nan. Ya zagaya bayan rumfa inda wani mataccen jirgi ke kwance a rana shekara da shekaru. Hancinsa babu farfela.

Saura waya. Kusoshin farfela ana ɗaure su biyu-biyu da waya, ta yadda za ta riƙa jan su wajen matsewa. Wannan murɗin ya yi kyau kamar kitso, amma duka a baibai yake, yana ja wajen kwancewa. Ɗalhatu ya daɗe a tsugune. Ya so a ce bai iya aikin nan ba.

Bayan la'asar ya sami Baba Abass a shagon shayi a unguwar Al Muntazah. Titi ya cika da tutoci da baƙi masu waƙa. Ya ajiye guntuwar wayar kusa da kofin tsohon.

"Baba, wanda bai iya ba, ba zai yi murɗi mai kyau haka ba. Wanda ya iya kuma ba zai yi a baibai har sau uku bisa kuskure ba. An ɗauke ta Dakta an sa wa jirgin Mudir, an ciro ta mataccen jirgi an toshe gurbi. Kuma wanda ya yi yana so a gane."

Baba Abass bai taɓa wayar ba.

"Ka daɗe ba ka zo ba," ya ce. "Shekara biyu ina jiran ka buɗe hular nan."

"Me ya sa, Baba?"

"Mudir ne kafil ɗina, ɗana, takardar zamana a hannunsa take. Ya ce yalla, yi maza, aro ne, sabuwa na zuwa ta maye. Ba ta zo ba. Ƙin yi ya fi ƙarfina. Abin da na iya shi ne in bar maka alama, kada bawan Allah ya tashi da ita."

"To mu je mu faɗi gaskiya, mu biyu."

"Da wace takarda? Da baki ya umarce ni. Zai ce bai sani ba, kuma shi za a saurara." Ya tura masa wayar. "Rubuta sunana. Yarana sun girma, naka ba su girma ba."

Ɗalhatu ya nemi wata hanya ranar Talata, ya nema ranar Laraba. Dakta ya ce zai tsaya masa, amma bai ga komai da idonsa ba. Surajo ya ce yana da iyali, a rufa masa asiri.

Ranar Alhamis da safe ya rubuta rahoton: lambar farfela, gidan zanzaro, murɗin waya, da suna guda ɗaya. Mudir ya karanta, ya girgiza kai, ya ce bai taɓa zaton haka daga Abass ba.

"Sa hannu," ya ce, ya miƙo biro.

Ɗalhatu ya karɓa. Ya sa hannu a ƙasan sunan, da hannun da Baba Abass ya koya wa riƙon filaya.