Gurbi a Gefen Margaret

Thea Marsh ta fara ganin Silas ne yana tofa yawu a cikin wata 'yar kwalba. Ni na haɗa su, don haka duk abin da ya biyo baya da hannuna a ciki.

Ranar taron zuri'a ce, wanda muke yi kowane watan Agusta a tsohon gidan Fenlow da ke Westhorpe. Mutum kusan ɗari biyu, kowa da kati a ƙirji an rubuta ta wane ɗa ya fito daga Josiah Fenlow, manomin nan da ya baro Ingila a 1638 saboda addininsa, ya zo ya sari wannan daji. Ni Prudence Fenlow, shekara talatin da ɗaya ina riƙe da littafin zuri'ar. A shekarar ne kwamiti ya ce a sabunta shi, a haɗa da gwajin asali na maza, wanda ake yi da yawu. Na ɗauko Thea daga Boston, saboda bin diddigin asali shi ne aikinta.

"Sai ya kai wannan layin," ta ce da Silas, ɗan yayana Warren, tana nuna masa jikin kwalbar.

"Malama, ni fa tunda nake ban taɓa tofa yawu a gaban mace ba."

"To yau ka fara. Ƙara."

"Bakina ya bushe."

"Ka tuna lemon tsami."

"Ina kallonki zan tuna lemon tsami?"

Ta sunkuyar da kai tana rubuta lamba, amma na ga kunnenta ya yi ja. Silas ɗin da sai ya wuni a gonar tuffa bai ce da kowa uffan ba, ranar har mota ya raka ta.

Daga baya ita da kanta ta nuna mini saƙonninsu. Na farko ya ce:

"'Yar takardu, kin isa lafiya? Kin bar hularki a kan shingen gona. Ba zan aiko ba, sai dai ki zo ki ɗauka."

Ta amsa:

"Manomi, hular ta tsufa, ka bar wa tsuntsaye. Amma zan zo."

Ta kuwa zo. Duk Asabar tana nan, da safe tana cikin tsofaffin takardun coci, da rana tana kan tsani tana tsinkar tuffa, Silas na riƙe mata tsanin yana mata tsiya wai rabin abin da ta tsinka ciki yake tafiya. Warren ma ya sake da ita. Shi ya kai ta maƙabartar zuri'a da ke bayan gona, ya nuna mata kabarin matarsa Margaret, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. Dutse ɗaya ne mai faɗi. A dama sunanta, a hagu sunansa da shekarar haihuwarsa, an bar wurin shekarar mutuwa babu komai.

"Nan ne ɗakina," ya ce mata. "Likita ya ce zuciyar nan ba za ta ja da nisa ba. Ni kuwa ban damu ba, tunda na san inda zan kwanta."

Gida da gona na Warren ne, babu mai taɓa su. Maƙabartar ce ta ƙungiyar zuri'a, kuma dokarta layi ɗaya ce: wanda ya fito daga tsatson Josiah, da matarsa ko mijinta.

Akwai kuma Garrett Fenlow, lauya, ɗan wani reshen, wanda ke cikin kwamiti. Shi ma ya ƙyalla ido a kan Thea. Furanni yake aika mata ofis, yana gayyatarta cin abinci da sunan maganar littafi. Sau biyu ta je don aiki, ta dawo ta ba Silas labari tana dariya. Silas bai yi dariyar ba.

Wata Alhamis a watan Nuwamba Thea ta shigo ɗakin girkina da rana tsaka, ko rigar sanyi ba ta cire ba. Ta ajiye takardu biyu a kan tebur.

"Goggo, ki zauna."

"Ina tsaye ma ina ji."

"Sakamakon Silas da na Baba Warren bai dace da na sauran mazan Fenlow ba. Na ɗauka kuskure ne, na sa aka sake. Sai na koma littafin coci."

Abin da ta samu shi ne wannan. A 1849 zazzaɓi ya kashe wa wani kakanmu ɗansa Samuel, yana da shekara uku. A shekarar shi da matarsa suka ɗauko wani maraya daga gidan marasa galihu, suka sa masa sunan mamacin, kamar yadda mutanen wancan zamani suka saba mayar da sunan ɗan da ya mutu. Wanda ya fara haɗa littafinmu ya ga Samuel an haife shi, ya ga Samuel ya yi aure, sai ya ɗauka mutum ɗaya ne. Daga marayan nan muka fito, ni da Warren da Silas.

A lokacin na zauna.

"Ki ba ni zuwa Lahadi," ta ce, idonta ya cika. "Ina so in faɗa wa Silas da bakina, mu san yadda za mu tari Baba. Don Allah, Goggo."

Na ce mata to. Washegari kwamiti ya zauna, na tashi na karanta musu takardar daga farko har ƙarshe.

Za ku ce me ya kai ni. Shekara goma sha biyu kafin nan ƙanwar Garrett, Ruth, ta rasu tana da shekara ashirin da huɗu. 'Yar riƙo ce, tun tana jaririya iyayensa suka ɗauke ta. Uwar ta zo har gidana tana kuka a bar ta a binne ta kusa da babansu, ni da Warren muka buɗe littafi muka nuna mata doka. Da na ga Garrett zaune a gabana ranar Juma'ar nan, na kasa riƙe takardar a jaka. Na ce wa kaina gaskiya nake bi. Girman kai ne, ba na so a ce wani ya riga ni faɗa.

Kafin in isa gida Garrett ya buga wa Warren waya. Silas ya tambayi Garrett wa ya ba shi labari, ya ce, "Ka tambayi mai takardun." Ni yake nufi ko ita, oho. Silas dai ita ya ɗauka, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun har yau yana cina.

Da Thea ta zo ranar Asabar, Warren ne ya tare ta a bakin ƙofa.

"Kin ci abincina, kin tsaya a kan kabarin matata, ashe tone ni kike yi da raina."

"Baba, ka saurare ni."

"Ni ba babanki ba ne. Ni yanzu ban ma san ɗan wa nake ba." Ya juya wurin Silas. "In ka aure ta, ka jira sai na mutu. Ba za ka daɗe kana jira ba."

Silas yana tsaye a bayansa, bai ɗaga kai ba.

Ta rubuta masa da yamma:

"Manomina, ban ba Garrett komai ba. Ban iya canja abin da na gani ba, amma ban kai wa kowa ba. Ka kira ni ko sau ɗaya ne."

Sai bayan kwana uku ya amsa:

"Ina sonki, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Kullum da safe yana zuwa ya tsaya a gaban dutsen nan, ni kuma ina kallonsa ta taga. Ki bar ni, Thea."

Ta san ni ce, amma ba ta tona ni ba. Lokacin sanyin nan ya yi mana tsawo. Warren ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, Silas yana sassabe rassan tuffa shi kaɗai cikin ƙanƙara, ni kuma na daina zuwa coci don kada in haɗa ido da kowa.

A watan Mayu aka kira taro na musamman a kan ko za a sassauta dokar. Ba wanda ya gayyaci Thea, ta zo da kanta, ta nemi izini ta miƙe.

"Marayan nan shekara sittin ya yi yana noma ƙasar Fenlow," ta ce. "Shi ya gyara katangar maƙabartar da hannunsa, yana cikin takardu. Waɗanda suka ɗauke shi ɗa suka kira shi. Ku da kuka zo bayan shekara ɗari da saba'in, me kuka sani da ya fi nasu?"

Sai Garrett ya tashi, muryarsa ba ta ko rawa.

"Maganarki gaskiya ce, Thea. Ita ce maganar da mahaifiyata ta yi a kan Ruth. Ruth tana can maƙabartar gari ita kaɗai, kusa da titin mota. Goggo Prudence, takardar da kika karanta mana a Nuwamba na ji ta. Yanzu ki karanta mana dokar, yadda kika karanta wa mahaifiyata."

Na karanta. Aka kaɗa ƙuri'a, arba'in da ɗaya suka ce doka ta tsaya, talatin da takwas suka ce a sassauta. Suka ce Margaret ta zauna inda take, don tausayi. Warren ne dai babu wuri.

A wurin ajiye motoci Silas ya tsaya a gabana.

"Goggo, ke ce kika karanta musu?"

"Ni ce. Ta roƙe ni in jira, na ƙi."

"Wata shida kina kallona."

Ya bi Thea da gudu har inda ta ajiye mota, na hango shi yana magana, ita kuma ta juya masa baya. An daɗe kafin ta waiwayo. Daga baya ta gaya mini ta ce masa ba ta san ranar da za ta manta ba, amma ba za ta iya komawa Boston ta bar shi ba.

Bayan kwana goma Warren ya ce da Silas, "Tunda ba za su bar ni in je wurinta ba, ita za ta zo wurina. Ku fito mini da ita."

Fitar da mamaci ba ƙaramin aiki ba ne, takardun izini kaɗai sun isa su tsufar da mutum. Thea ce ta bi su ofis ofis ba tare da ya sani ba. Wata safiya a watan Yuli aka kafa rumfa a bayan gona, ma'aikata suka fara haƙa. Warren yana kan kujera, an rufa masa bargo duk da zafin da ake yi. Thea ta tsaya can wajen katanga, don ba a ce ta shigo ba. Da akwatin ya fito, Silas ya rufe fuska. Ni kam na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ta.

Warren ya ɗaga hannu. "Ku ce wa yarinyar nan ta matso, rana tana dukanta."

Ta zo ta durƙusa kusa da kujerar. Ya ce ya ga sunanta a ƙasan takardun izini. Bai ce ya yafe ba, bai ce ya gode ba. Amma da aka tafi maƙabartar gari don a sake binne Margaret, a motarsa ta zauna.

An ɗaura auren a watan Satumba, a farar cocin Westhorpe. Dangi ba su fi ashirin ba, kujeru rututu babu kowa. Thea ta yi kyau har na ji haushin waɗanda suka ƙi zuwa. Silas ya raɗa mata, "'Yar takardu, yau ke za ki sa hannu," ta taka masa ƙafa a gaban fasto.

Bayan an gama, suka zo gaban Warren, yana kan keken marasa lafiya, don ya sa musu albarka. Numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya kama hannun Thea.

"'Yata, tambaya ɗaya nake da ita. Yaron nan da suka ɗauko, kafin su ce masa Samuel, mene ne sunansa?"

Hawaye ya zubo mata. "Na nema, Baba. Na je gari huɗu. Ba wanda ya rubuta."

Sannan ya ɗora hannunta a kan na Silas.

"To, Fenlow ɗin dai za mu ba ki. Ba namu ba ne, amma ba mu da wani. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya, ya sa ku kwanta wuri ɗaya."

Muka ce amin. Ya rasu kafin a gama tsinkar tuffa, muka kai shi maƙabartar gari, gefen Margaret, layi uku daga kabarin Ruth.