Cajar da Ba Ta Sauri

"Batirin nan lafiyarsa ƙalau," in ji mai gyara, yana juya sabuwar tabulet ɗina a hannu. "Wahalar da shi aka yi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kamar yaya?"

"Ga bayanta zafi rau, ga haske an ƙure, ga bidiyo na ta yi ba murya..." Ya ɗago ya dube ni. "Malama mai zane, wa ya yi wa baiwar Allah wannan aika-aika?"

Ni ce mana. Tun da safe na kunna komai na cusa ta ƙarƙashin filo, amma ko za a yanka ni ba zan faɗa ba.

Zanen ɗinkin mata nake yi wa teloli. Tsohuwar tabulet ɗina batirinta ya gaji, kafin in gama hannun riga ta ɗauke, gidanmu kuma wuta sai ta ga dama. Shagon mai gyaran nan na da sola, sai na riƙa kai masa caji. Takan yi awa uku ba ta cika ba, ni kuwa ko a jikina. Ina bisa benci ƙarƙashin fanka, ƙamshin dalma na tashi, hasken yamma na wasa a gilasan wayoyi, shi kuma ya sunkuya yana tsintar ƙananan kusoshi da tsinke. Nan nake zana rigunan da ba wanda ya sa ni, duk na amare. Sonsa nake, shi kuwa ko uffan.

Sai maganar zaman shagon ta kai kunnen ɗan Goggo, wanda ya daɗe yana nemana. Ya zo da sabuwar tabulet a kwali ya dire a gaban Umma.

"Batirin wannan ya ninka na waccan, kwana biyu take yi," ya ce. "Ga cajar sauri, kafin ki gama kwalliya ta cika. Zaman shago ya ƙare ke nan."

Da ya fita Umma ta harare ni.

"Auta, Abbanki ba zai miki dole ba. Amma ba za mu shanya ɗan'uwanki saboda mai kwance wayoyin da ko sallama bai taɓa yi a ƙofar nan ba. Ƙarshen mako za a ba Goggonki amsa."

Abin da ya sa ke nan na kashe batir mai kwana biyu kafin azahar, na kwaso ƙafa na taho.

"Ƙila jabu ce," na ce, ina wasa da bakin mayafina.

Ya yi murmushi, ya ja aljihun tebur, ya fito da wata farar caja mai kauri.

"Da wannan nake yi wa kowa caji. Ko awa ba ta kaiwa."

"To ni fa?"

Ya nuna wata siririyar waya da aka naɗe da salatif, wadda na sani kamar yunwar cikina.

"Ke wannan na ware miki..."

Haushi ya zo, daɗi ya danne shi.

"Wato wata da watanni kana cinye mini yammaci da gangan?"

"Ke ma ai ga abin da kika yi yau."

"Me ya hana ka buɗe baki?"

Murmushin ya gushe. "Na ga motar da ɗan'uwanki ke shigowa layinku da ita. Ni shagon nan ne kawai, in na miƙe hannu sai in taɓa bango biyu."

"Ni na ce maka bango nake aunawa?" Na matso jikin tebur. "Ƙarshen mako Abba zai ba da amsa. In ka yi shiru yau, shi ke nan."

Fanka ta yi ta juyawa. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da a da sai na sunkuya yake yi.

"Rabin raina," ya ce a hankali, "da wacce zan sa miki?"

"Ta sauri. Ba zan mayar wa mai ita kayansa a mace ba. Kuma Abba na gida bayan la'asar."

Ya zo kuwa, da kawunsa, cikin rigar da ko karin guga bai bar ta ba. Ina laɓe bayan labule. Abba ya ƙare masa kallo.

"Kai ne wanda caji ba ya cika a shagonsa?"

Kawun ya shiga tari. Mai gyara ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Abba."

"To ɗago. Na fi son mai jinkiri in dai zai iso."

Goggo ta yi fushinta ta huce, ɗanta ya karɓi kwalinsa ba ko kallo. Umma ce ta fi wuya. Har aka sa rana ba ta sakar masa fuska ba, sai ana gobe ɗaurin aure ta kira shi, ta miƙa masa wayarta da ta fashe.

"Ungo, ɗana," ta ce. "Amma ni ka yi mini da sauri."