Babban Yatsan Baba

"Ki cire shi daga ranki! Ba zan ba ɗan damfara 'yata ba!"

Baba ne ke faɗa a falo, yana kaɗa wata takarda. Auta na durƙushe, hawaye shaɓe-shaɓe. Saura wata biyu aurenta da malamin lissafin makarantar bayan layinsu, sai ga wata mata ta je ta yi masa tijara gaban ɗalibai. Ta biya kuɗin keken ɗinki ta intanet, ba keke ba labari. Wanda ya cuce ta ya tura mata hoton katin shaida don ta sakankance, kuma katin Malam ne. Aka dakatar da shi daga aiki, wani maƙwabci kuma ya kawo wa Baba kwafin hoton.

"Baba, wallahi fek ne, hoton jabu ne, ba halinsa ba ne!"

"Fek? Ga ido ga hanci!"

Auta ta karɓi takardar, ta ƙura wa hoton ido. A ƙarƙashin katin akwai leda mai jajayen furanni, da ƙunar dutsen guga a gefe. Wani babban yatsa mai tsagaggen farce ya danne kusurwar katin.

"Baba... ai ledar teburinmu ce wannan."

Baba ya dubi yatsansa, ya yi wuf ya cusa hannu a aljihu. Ashe ranar da Malam ya fara zuwa gaisuwa, Baba, wanda ko mai gyaran famfo sai ya sha tambayoyinsa, ya karɓi katin ya ɗauke shi hoto. Washegari ya tura wa wani mai gyaran waya da ya ce da kwamfuta yana tono tarihin kowa.

"Bincike... bincike nake yi," ya ce, murya can ƙasa.

"Ka binciki yaron kirki, ka manta da binciken mai binciken!" in ji Mama.

Ranar Baba ko loma ɗaya bai iya haɗiyewa ba don kunya. Da safe ya ɗauki Auta suka tafi ofishin shugaban makarantar, aka kira Malam. Baba ya ajiye takardar, ya ɗora yatsansa kusa da na hoton, ya faɗi komai kansa a sunkuye.

"Ɗana, ka yafe mini. Ni na jefa ka cikin wannan masifa."

"Haba Baba, ya wuce. Ai tun ranar da na ga hoton na gane yatsan."

"Ka gane — ka yi shiru?"

"Gara a kira ni ɓarawo da a tozarta mahaifin Auta."

Baba ya rufe fuska da hularsa. Auta ta fashe da kuka, wannan karon na daɗi.

Aka kama mai gyaran waya, ashe shi ya cuci matar da hoton katin, Malam ya koma aji, aka yi biki. Katin mutum amana ne, kada a miƙa shi ga kowa; kuma kafin ka kira wani ɓarawo, fara duba hannunka. Ledar nan kuwa, Mama ta hana a canza ta har yau.