Gilashin Tsoho Pakrashi

Ranar Talata da hantsi, Sufeto Mozammel Tarafdar yana fama da shayin da ya huce a ɗan kofin ƙasa, sai wata mata ta shigo caji ofis ta ce an yi wa mahaifinta sata. Sunanta Paromita, malamar makaranta ce. Da ya tambayi abin da aka ɗauke, ta ce sulalla goma sha ɗaya ne, amma suna nan a akwatinsu.

Sufeto ya ajiye biro. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan a Kolkata, ya gaji da masu zuwa su ɓata masa safiya.

"Didi, an sace ko ba a sace ba?" in ji shi, yana mata kiran girmamawa na garin, wato yaya.

"An kwashe na gaske, Yallaɓai, an zuba na jabu."

Mahaifinta, Bhabatosh Pakrashi, ya shekara arba'in yana tara kuɗin da aka yi kuskure wajen buga su, irin wanda inji ya buga sau biyu, ko wanda hatimin ya goce gefe. A kasuwar tsofaffin kuɗi, in ya ɗora gilashinsa a kan sule ya ce na gaske ne, magana ta ƙare. To ranar Lahadi ya kai goma sha ɗayan nan taron ƙungiyarsu, wani baƙo daga Patna ya duba, ya ce duk da allura aka kankare su. Aka kira tsohon macuci a gaban mutanen da shi ya koya wa sana'ar. Lahadi mai zuwa za a soke sunansa, a aika wa sauran ƙungiyoyi takarda. Tun ranar ko loma bai sa a baki ba.

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Saje Haldar.

Sun sami tsohon zaune a bakin gado, farantin shinkafa da kifi a gefe, ƙudaje sun yi masa rumfa. Ya ce shi ba a yi masa sata ba, kuma idonsa garau yake. Yana faɗa yana kallon bango, Sufeto ya san ƙarya ce.

A kan tebur akwai wani ƙaton gilashin ƙara girma mai mariƙin roba da 'yan fitilu, an rubuta a jikinsa wai yana ninka abu sau sittin. Sufeto ya zaro rupi ɗaya daga canjin mai shayi ya leƙa. Lambobin suka rabu biyu, gefen sulen ya yi shuɗi da ja, nan take kansa ya fara sarawa.

"Jethu, da wannan ko matata na duba sai na ga hanci biyu," in ji shi, yana kiransa da sunan da duk unguwar ke kiransa, wato baffa.

Tsohon bai yi dariya ba. Paromita ce ta ce ba shi ne gilashinsa na asali ba. Na asalin ɗan ƙarami ne kamar babban yatsa, a gidan tagulla, yana da ɗan tsagu a gefe kamar karyayyar shinkafa. Ya ɓace wata uku da suka wuce, a makon da aka yi wa tsohon aikin yanar ido. Wannan kuwa ƙungiya ce ta kawo kyauta, har da jawabi da furanni. Masu shiga ɗakin su uku ne: ita, da Malati mai girki, da sakataren ƙungiya, Gobinda Sanyal, wanda tsohon ya horar a sana'ar shekara goma sha takwas.

Sufeto ya ɗauki kwalin kyautar, ya ga tambarin wani shagon gilasai a unguwar Bowbazar.

Kafin can sai da ya biya rumfar Sanyal a kasuwar tsofaffin kuɗi. Mutum ne mai laushin murya, bakinsa jawur da ganyen pan da yake tauna. Da jin sunan Jethu ya fara sharar hawaye, ya ce ai uba ne a wurinsa, shi kansa da zuciya mai ciwo ya rubuta takardar korar. Ya ce in da sata, a binciki mai girkin nan, don irinsu hannunsu ba ya zama wuri ɗaya. Gilashin kyauta kuwa, wai bai san wanda ya sayo ba. Ya juya ya tsartar da jan yawu dab da takalmin Sufeto.

Sufeto ya ja ƙafarsa. Ya sha zama da 'yan fashi bai ji ƙyama irin wadda ya ji a rumfar nan ba. Ya lura da baƙin zare a wuyan mutumin, an cusa ƙarshensa cikin riga.

Malati ba ta ɗauke su minti goma ba. Saje Haldar ya zube mata sulalla, matar ba ta ma san gaba da bayansu ba. Wanda ya yi na jabun nan kuwa ya san inda kowane kuskure yake zaune.

Mai shagon Bowbazar ya ga kwalin ya yatsine fuska. Ya ce wannan na yara ne, su duba tururuwa. Masu harkar kuɗi ba sa wuce mai ninki goma, wanda aka manne gilasai uku wuri ɗaya, don shi ne ba ya lanƙwasa rubutu, ba ya kawo launi a gefe.

"To wa ya sayi wannan?"

"Wani ne da ya ba ni mamaki, Yallaɓai. Awa guda ya yi a nan. Ya fito da sule daga aljihu, ya gwada duk gilasan da nake da su. Riƙonsa na gwani ne, a gefe yake kama sulen. Duk wanda ya nuna tas sai ya ture shi. Da ya zo kan wannan, sai ya yi murmushi ya ce in naɗe masa da takarda mai kyau."

Fuskarsa dai bai riƙe ba, jan baki kawai ya tuna. Rabin garin nan kuwa jan baki gare su, ba alƙalin da zai saurari wannan. Sufeto ya fito yana tsaki.

Ranar Lahadi da la'asar ƙungiya ta cika a ɗakinta da ke saman shagon kayan zaƙi. Paromita ta riƙo mahaifinta, aka ajiye shi a kujerar baya kamar baƙo. Shugaba, Dakta Bagchi, ya ɗaga takardar kora zai karanta, sai ga Sufeto da Saje.

Sufeto ya ba da haƙuri, ya ce shi ba wannan ya kawo shi ba. Wani sule ne yake so masana su gaya masa ko yana da daraja. Ya ajiye shi a tsakiyar tebur. Baƙon Patna ne ya ara masa shi da safe, na gaske ne, shekarar ta fito sau biyu ɓaro-ɓaro.

Wanda bai zauna da mutanen nan ba ba zai gane ba. Ka nuna musu irin wannan, ko gobara ake yi ba za su tashi ba. Kowa ya kai hannu wuya ya zaro gilashinsa. Sanyal ya daure, ya harɗe hannuwa. Da sulen ya zo gabansa, hannun nan da kansa ya bi zaren ya zaro wani ɗan gilashi baƙi, ya manna a ido.

"Ara mini in gani, Sakatare," in ji Sufeto.

Ya karɓa, ya goga makullin mota a jikinsa. Baƙin fenti ya kankaru, tagulla ta fito. Ya ɗaga shi saitin taga, ga ɗan tsagun nan a gefe. Paromita ta miƙe tsaye.

Da farko Sanyal ya ce saye ya yi a kasuwa. Sufeto ya ce to su je Bowbazar tare, mai shago yana marmarin sake ganinsa. Nan Sanyal ya amsa laifinsa. Ya ce shi ya ɗauke gilashin ranar da Jethu ke asibiti, shi ya sayo na robar da sunan ƙungiya. Duk Alhamis in ya zo taya shi jera akwatuna, sai ya musanya sule ɗaya da na jabu. Tara suna gidansa cikin gwangwanin shayi, biyu ya sayar.

Dakta Bagchi ya ce yaya gwani kamar Jethu zai kasa gane gilashin banza.

"Ya gane," in ji Sanyal, kansa a ƙasa. "Ran farko ya ce mini yana gani dishi-dishi. Na karɓa na leƙa, na ce, Jethu, ai tas yake nunawa, ko dai aikin idon ne bai yi ba? Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, ko 'yarsa."

Wata uku ke nan tsohon yana zaune da tunanin ya makance, yana gode wa wanda ya rufa masa asiri. Sufeto ya juya ga Sanyal.

"Allah wadai. To me ya hana ka jefa gilashin a kogi?"

Sanyal ya ɗago da mamaki na gaske.

"Yallaɓai, irin wannan gilashi ai ba a jefarwa."

Saje Haldar ya buga masa ankwa. Dakta Bagchi ya yaga takardar gida huɗu, ya kasa haɗa ido da kowa. Da aka zo wucewa da Sanyal ta gaban kujerar baya, ya sunkuya zai taɓa ƙafar tsohon don neman gafara. Tsohon ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera, Saje ya tasa ƙeyar mutumin ƙasa.

Sufeto ya miƙa wa Pakrashi gilashinsa, ya ce ya leƙa sau ɗaya kafin a rubuta shi cikin kayan shaida, ya tabbatar idonsa lafiya lau. Tsohon ya miƙo hannu, sai ya tsaya. Ya dubi zaren da ya jiƙe da gumin wuya, da ɗigon jan yawu a bakin tagullar. Ya juya wajen 'yarsa.

"Paromita, je ki wanke shi da sabulu tukuna."